Tukunyar Mubashir

Asabar, bayan la'asar

Murtala ya ce kada in yi maganar da kowa, ko da Kulsumu ta maƙwabta. To bai ce kada in gaya wa takarda ba. Wanga littafi na Mubashir ne, jikana, ya cinye rabi da lissafi ya bar min rabi. Rabona da biro tun ajin yaƙi da jahilci, in rubutun ya karkace hannun ne ya fi sanin muciya.

Yau da hantsi anka tura shi Gurbin Bore wurin gwaggonsa Fauziyya. Murtala, uban nasa, shi ya goya shi a babur har tasha. An ce wa mutane ya tafi taya su gyaran rumbu. Yaron da ko dami bai iya ɗaurewa ba.

Da zai fita na ce, "Maigida, haka za ka tafi ka bar amarya ba cefane?" Kullum in na faɗi haka sai ya ce, "Tsohuwa, na sake ki tun bara, ke ce kinka ƙi tafiya." Yau bai ce komai ba. Ya durƙusa, ya tashi, ya fita.

Lahadi, hantsi

Bari in ɗauko ta daga tushe, ko zuciyata ta zauna.

Mubashir ya gama sakandare bara nan Ƙaura. Abin da yake so ya karanta a jami'ar Zariya, sunansa na Turanci ya fi ƙarfin haƙoran da sunka rage min. Shi ya fassara min: injiniyan haɗa sinadarai. Na ce mi ke nan? Ya ce su ne masu tsara yadda ake tace man fetur a Kaduna, da yadda ake ƙona dutse ya koma siminti a Sakkwato, da takin zamani, da sabulu, har man gyaɗa na cikin gwangwani. Na ce, "Ashe girki ne. Shekara biyar za ka yi a Zariya kana koyon girki, ga ni nan sai in koya maka kyauta."

Ya zana min shekarun a ƙasa da tsinke, ɗaki ɗaki kamar mai fasalin gida. Ta farko lissafi da kemistiri da fiziks. Ta biyu da ta uku yadda zafi ke tafiya cikin ƙarfe, da yadda ruwa ke gudu cikin bututu, da yadda ake raba abu biyu da sunka gauraya. A ta huɗu a tura shi masana'anta ya yi rabin shekara cikin ma'aikata. Ta biyar ya tsara tasa masana'antar a takarda. Amma kafin duk wannan sai ya ci jarrabawar shiga jami'a, bayan Babbar Salla. Shi ya sa kullum da yamma yake zuwa darasi wurin Malam Dauda, malaminsu na kemistiri. Akuya ta zo ta taka shekara ta uku, ya bi ta da takalmi.

Rijiyoyin unguwarmu duk zartsi ne, kowa ya sani. Rannan ya ce littafi ya ce in an tafasa ruwan zartsi anka kama tururin anka sanyaya shi, gishirin zai tsaya a gindin tukunya, ruwan daɗi ya fito. Ya ce ba zai yarda da littafi ba sai ya gani. Ya ɗauki tsohuwar tukunyar ƙarfen da nake dafa kalwar daddawa, ya liƙe murfin da laka, ya samo bututun jan ƙarfe wurin mai gyaran firji, ya naɗe shi ya bi da shi ta cikin randa mai ruwan sanyi, ya kafa kwalba a baki. A bayan gida, gefen darni.

Ya ɗiga kuwa. Na ɗanɗana, kamar ruwan sama. Na sa masa suna injiniyan tukunya.

Nan zan tsaya. An kira azahar.

Litinin, bayan azahar

Ranar da anka ƙaddamar da shari'a a Gusau ni ma na yi guɗa har muryata ta dushe. Ban janye ba, har gobe ina so. Watan jiya dokar ta fara aiki, anka rufe gidajen nan na bayan tashar jirgi, mata da yawa sunka samu mazansu. Allah ya ƙara.

Sai dai ban san za ta biyo ta bayan darnina ba.

Tambari ne ya leƙo. Tsohon ma'aikacin reluwe, gidansa na bayan namu, ya yi shekaru yana zuba gawayi a jirgi har kurmi. Akuyarsa ya biyo. Ya tsaya ya daɗe yana kallon tukunyar, ya ce, "Inna Asiya, na san wanga bututu. Na gan shi a kurmi, kuma ba ruwa ake yi da shi ba." Na ce masa ai kai a kurmin ka ga abubuwa da yawa, har da waɗanda ba ka gaya wa matarka ba. Ya yi dariya ya ja akuyarsa.

Ban ce shi ya kai maganar ba. Ban sani ba. Na dai san kwana kaɗan bayan nan yara sun daina shigowa sayen daddawa.

Talata, magariba

Ba wanda ya shigo yau. Ko mai neman wuta.

Laraba, hantsi

Rediyo ta ce an yi wa wani mutum bulala a bainar jama'a saboda abin nan da anka hana sha. Lauratu, uwar Mubashir, tana tankaɗe a gefena. Ta ci gaba da tankaɗe har bayan garin ya ƙare, rariya ba komai a ciki.

Ɗanta na fari ne, ba ta kama sunansa, ba ta yi masa magana a gaban mutane. Tun da anka fara wagga magana ba ta ce uffan ba. Ni ce bakinta, kuma an ce in rufe.

Bayan yaron duk ƙashi ne. Tun yana goye nake cewa kamar an shanya riga a kan kara.

Alhamis, bayan la'asar

Murtala ya dawo daga kasuwar Shinkafi da wuri, abin da bai saba ba. Ya ce har can wani ya tambaye shi wai gaskiya ne. Bai zauna ba ya wuce bayan gida da taɓarya. Na bi shi.

Na ce, "Mi za ka yi?"

Ya ce, "Inna, ki bar ni in farfasa tsiyar nan."

Na ce, "Tukunyata ce. Ubanka ya saya min ita kafin a haife ka. Fasa in gani."

Ya aje taɓaryar. Ya ce to bututun, zai kai shi gulbi. Na ce sai gobe, yanzu idon mutane na waje.

Sai ya faɗi abin da nake tsoro. Ya ce ko an wanke yaron ko ba a wanke shi ba, karatun nan ya ƙare. Karatun da tun ba a fara ba ya jawo wa gida wannan, in an yi shekara biyar ana yi mi zai jawo? Zai kai shi shagon ƙanensa a Shinkafi ya koyi awon hatsi. Na ce Murtala. Ya ce, "Inna, don Allah. Ni ke fita masallaci, ni ake matsawa a sahu."

Na ja mayafina na koma ɗaki. Ni da ake cewa bakina ya fi reza.

Juma'a, bayan an sauko

Na cire bututun da safe kafin Murtala ya tashi. Na naɗe shi cikin likkafanina, wanda na yanka na aje a ƙasan akwati tun shekarar da na yi ciwon ƙirji. Nan ba mai sa hannu. Da ya tambaya na ce na yi maganinsa. Ban yi ƙarya ba.

Asabar, hantsi

Akwai abin da ban rubuta ba.

Ba yau ba.

Lahadi, bayan azahar

Kwanakin baya, kafin Tambari ya leƙo, mazarƙwailata ta yi ƙafa. Wadda Fauziyya ta aiko min, curi babba. Na kama Mubashir na ce kwaɗayi zai zubar maka da haƙora mu zama daidai. Ya yi dariya. A ranar kuma na ji yana tambayar uwarsa ragowar yis ɗin da ta yi fanke. Akwai wata jarka da ya aje bayan rumbu, ya ce kada a taɓa, aikin makaranta ne. Ta yi kwanaki tana huci.

Jiya da nake share bayan rumbun na ga jarkar, ba komai a ciki. Gefenta wata ƙaramar kwalba, an toshe ta da tsumma, abin ciki bai kai rabi ba. Fari tas kamar ruwan da ya ɗiga rannan. Na buɗe.

Ina yarinya, in an aike mu ta bayan tashar jirgi, toshe hanci muke yi mu ruga. Warin nan ne, na abin da anka hana sha.

Na juye a masai. Na wanke kwalbar da toka, na farfasa ta, na binne. Na fito da bututun na ɗura masa ruwan toka mai zafi, na sake, na sake, har yatsuna sunka yi fari sunka tattare. Jarkar na ƙona a murhu, gidan ya cika da warin roba, Lauratu ta leƙo ta dube ni ta koma.

Allah ka ga zuciyar yaron nan. Ba zai yarda da littafi ba sai ya gani. Ni na san shi. Na san shi.

Litinin, magariba

Na san shi?

Talata, hantsi

Malam Dauda ya zo zaure yana tambayar ɗalibinsa. Ya ce sun shiga babin da ya fi wuya, kuma cikin yaransa duka wannan ne yake sa ran zai kai makin da Zariya ke nema, don karatun injiniyan nan ba ya ɗaukar na tsakiya. Murtala ya ce masa yaron na ƙauye. Malam ya ce in ana so shi zai tsaya gaban kowa ya yi bayanin tukunyar, ai hotonta na cikin littafin gwamnati. Murtala ya ce ba a so.

Ina bayan ƙyaure ina ji. Na so in fito in ce a so. Sai na tuna kwalbar. Kada in ja mutumin kirki ya rantse a kan abin da bai gani ba.

Laraba, bayan la'asar

Kulsumu ta gaishe ni ta kan katanga, gaisuwar da ake yi wa mai takaba. Na ce, "Kulsumu, wa ya mutu?" Ta ce babu. Na ce to ki sako fuskarki, in kin ci gaba da haka mijinki zai ɗauka an canza masa mata a kasuwa. Ta ƙyalƙyale kafin ta tuna, ta waiga, ta sauka.

Kafin ta sauka ta ce ana cewa tunda an ɓoye yaron, an ɓoye kayan, ai magana ta fito.

Tun ɗazu nake juya wannan. Mu da hannunmu muka yi musu shaida.

Alhamis, hantsi

Mai unguwa ya aiko. Jibi da safe zai zo da liman Malam Mahmuda da 'yan kwamitin nan masu sa ido, su ga gida. In sun ga abin da ya kamata a kai gaba, za a kai gaba. Haka ɗan aiken ya faɗa, kansa a ƙasa.

Murtala ya ce alhamdu lillahi ba abin da za su gani. Na ce haka ne.

Juma'a, la'asar

Ban iya cin tuwo ba. Ina ta ƙoƙarin tuna yadda Mubashir yake haɗa tukunyar. Laka a murfi, ba ta da kauri. Wuta kaɗan kaɗan, ya sha ce min in ta yi yawa murfin zai yi tsalle. Ruwan randa a riƙa sauyawa in ya ɗumama. Duk lokacin da yake bayani ina zaune ina yi masa waƙar injiniyan tukunya. Da na san za a yi haka da na rage waƙa.

In ya ƙi ɗiga fa. In ya ɗiga da wari fa.

Asabar, bayan azahar

Bari in rubuta tun da zafinsa.

Ana idar da asuba, Murtala na masallaci, na fito da bututun. Na fara jan tukunyar zuwa filin da ke tsakanin zaure da cikin gida. Randar ce ta gagare ni. Ina nishi sai na ji ta yi sauƙi. Lauratu ce ta kama ɗaya gefen. Ba ta dube ni ba, ban dube ta ba. Ita ta kwaɓa lakar, ita ta jawo ruwan rijiya ta cika tukunya, ta koma ɗaki ta saki labule.

Murtala ya shigo ya ga hayaƙi. Ya ce, "Inna, kin kashe mu." Na ce je ka shimfiɗa tabarma, baƙi na tafe.

Bututun ya daɗe bai ɗiga ba. Na karanta duk abin da na haddace. Can sai ɗis. Na tara a ƙwarya sabuwa, na sa ta cikin randar ɗakina ta huce.

Da hantsi sunka iso. Mai unguwa, Malam Mahmuda, samari biyu na kwamiti masu sababbin huluna, da Tambari a baya, wai shi ne ya san abin. Sunka zauna a zaure. Na yafa mayafi na fito da ƙwaryar da ludayi, na durƙusa gaban liman. Baƙo ba ya fara magana bai sha ruwan gida ba, ko da rigima ya zo. Malam ya yi bismilla ya sha, ya miƙa wa mai unguwa, har ta kai kan samarin.

Mai unguwa ya ce, "Inna Asiya, wanga ruwa ba na unguwar nan ba ne. Daga ina kuke saye?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, na rijiyarmu ne. Ku taso ku ga inda ya biyo."

 Na wuce gaba sunka biyo ni. Ga tukunya a kan wuta, ga bututu, ga kwalba tana karɓa ɗis, ɗis. Ɗaya saurayin ya yi salati ya kama maƙogwaronsa. Na ce, "Ɗan nan, kwantar da hankalinka. In ka ji ƙasa na juyawa, yunwa ce, akwai ɗumame." Ba wanda ya yi dariya sai mai unguwa, shi ma a hanci.

Malam Mahmuda ya tara tafinsa a bakin bututun ya ɗanɗana. Ya sa anka jawo na rijiya ya ɗanɗana ya tofar. Ya sa anka janye wuta anka fasa lakar, ya ga farin gishiri kwance a gindin tukunya. Ya tambayi abin da yaron ke son karantawa. Na buɗe baki, sai na ji Murtala ya riga ni. Shi ya faɗa musu, har da Kaduna da siminti da shekara biyar. Ashe yana ji duk lokacin nan.

Sai Tambari ya matso. Ya zare bututun daga randa, ya kai hanci ƙarshensa, ya shaƙa. Ya juya ɗaya ƙarshen ya shaƙa. Ya dubi hannuwana, yatsun da toka ta cinye. Ya daɗe yana dubansu. Na ji fitsari ya kama ni.

Mai unguwa ya ce, "Tambari, mi ka ji?"

Ya ce, "Toka na ji, da ruwa."

Malam ya ce zato abu ne mai nauyi, kowa ya kiyayi harshensa, kuma zai faɗi haka a masallaci. Ya yi addu'a sunka fita. Tambari ne na ƙarshe. Ya miƙo min bututun, ya yi ƙasa da murya ya ce, "Ki gaya wa angon naki ya bar sauran karatun sai ya je Zariya. Can akwai masu lasisi."

Da sunka tafi na zauna a ƙasa gefen murhu na kasa tashi. Sai da Lauratu ta ɗaga ni.

Lahadi, magariba

Murtala bai ce a dawo da yaron ba. Bai kuma ambaci Shinkafi ba. Yara biyu sun shigo sayen daddawa.

Talata, hantsi

Shiru har yanzu. In na ji babur a waje sai in leƙa zaure.

Alhamis, bayan la'asar

Murtala bai je kasuwar Shinkafi ba yau. Tun safe ya fita ta hanyar Zurmi. Bayan azahar sai ga su. Bai ma bar yaron ya sha ruwa ba, ya ce ya ɗauko littattafansa ya wuce wurin Malam Dauda, abin da ya wuce shi ya isa. Daga nan ya shige ɗaki.

Mubashir ya leƙo ɗakina da littattafai a hammata. Ya yi baƙi, ya ƙara ramewa. Ya durƙusa bakin ƙofa.

Na ce, "Mazarƙwailata fa?"

Ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Kaka, littafi ya ce da shi ake wanke ciwo a asibiti, har mota yana tayarwa. Na so in ga ko gaskiya ne. Wallahi ban kai baki ba."

Na ce na sani. Kuma da ya faɗa ɗin na ji na sani. Na gaya masa saƙon Tambari, ya ƙara sunkuyawa. Ya ga yatsuna, ya buɗe baki, na ce rufe.

Can ya ce, "Bututun fa? Baba ya ce ya ga kin ɗauke."

Na ce, "Shina cikin likkafanina. In ka kawo min takardar gamawa daga Zariya in ba ka da hannuna. In kuma an riga an buɗe ƙunshin, ka ɗauki abinka a nan."

Ya kalli akwatin. Sai ya miƙe ya gyara littattafansa, ya ce, "Tsohuwa, sakin nan na bara na janye shi. Ba inda za ki. Ki zauna ɗakinki shekara biyar ki jira ni."

Na ce to a bar cefane. Ya riga ya fita.